Yadda Ake Hana Ruwan Gona Mai Gangare Gurɓata Rafi

Wanda bai san Legas ba sai ta bakin teku zai ɗauka ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma, amma duk wanda ya yi noma a wajen Ikorodu ko Epe ya san akwai tudu da gangare, kuma da yawa daga cikin lambunan mutanenmu a kan gangaren suke, ƙorama na gudana a ƙasansu. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, na sha tsayawa a gindin irin wannan lambu bayan an ɗauke ruwa, in tarar ƙoramar ta koma ja wur, ƙwayoyin takin zamani da aka watsa kuma suna kwance a cikin yashin da ya taru a ƙarshen fangali. Wannan taki kuɗin manomi ne ya bi ruwa, kuma ba a nan zai tsaya ba. Ƙoramun yankin suna zuba a tafkin Legas, inda masunta ke neman abincinsu. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwayen Legas ta wajen Badagry a shekarar 1984, wadda take toshe hanyar kwalekwale, sinadaran da ke cikin taki suna daga cikin abin da ke ƙara mata ƙarfi.

Matakin farko shi ne a san hanyar ruwa. Manomi ya zagaya gonarsa ana cikin ruwa ko da zarar an ɗauke, ya lura da inda ruwan yake shigowa daga sama, da inda yake haɗuwa ya yi ƙarfi, da inda ya fara cin ƙasa, ya kafa turaku a wuraren. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gangara bakin rafi a yi shinge a can, alhali ruwan da ya taho a guje tun daga kan tudu babu shingen da zai tare shi. Daga sama ake fara aikin, domin a karya gudun ruwan tun bai yi nauyi ba.

Mataki na biyu, wanda a ganina shi ne gindin aikin duka, shi ne fitar da layin da ya yi daidai a gicciyen gangare. Ba a buƙatar injiniya. A samu sanduna biyu masu tsawon mita 2 kowanne, a ɗaure kawunansu wuri guda, a buɗe ƙafafunsu, a ɗaura sanda ta uku a tsakiya ta riƙe su, sannan a rataya igiya daga sama da dutse a ƙarshenta. A tsayar da su a ƙasa, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, a juya ƙafafun kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta, a sake yin alama. Tsakiyar alamomin nan biyu ita ce ma'auni: duk lokacin da igiya ta tsaya a kanta, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya. Da haka za a riƙa takawa a gicciye, ana kafa turke a kowace ƙafa, har a ƙure gonar. Layin zai fito a karkace, yana bin jikin tudun, kuma bai kamata a miƙe shi don ya yi kyan gani ba, domin duk inda aka miƙe nan ruwa zai taru ya ɓalle. A sake fitar da wani layin duk inda ƙasa ta sauka da kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

A kan waɗannan layuka ake yin kunya da fangali, ba daga sama zuwa ƙasa ba kamar yadda wasu suke yi don sauƙin huɗa. Mutanen duwatsun Gwoza sun daɗe da sanin wannan hikima, shi ya sa suke jera duwatsu hawa-hawa su yi noma a kai. A Legas dutse yana da wuyar samu, saboda haka ciyawa ce za ta tsaya a madadinsa, kuma babu kamar jema, wadda muka sani a gida ana saƙa da ita. Saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai maimakon ta bazu cikin shuka. A raba tushenta, a datse ganyen, a dasa a jere da tazarar santimita 10 zuwa 15 a farkon damina, wajen watan Afrilu, a cike gurbin duk wadda ta mutu. Idan ta haɗe, ruwa zai riƙa tacewa ta cikinta a hankali, ƙasar kuma ta tsaya a bayanta. Inda ba a sami jema ba, gamba ma tana taimakawa. Tsakanin layukan kuma kada a bar ƙasa tsirara, a rufe ta da busasshiyar ciyawa ko karan masara.

Daga nan sai batun taki. Kada a watsa shi a saman ƙasa idan hadari ya haɗo. A tona ɗan rami kusa da shuka, a zuba, a rufe, musamman yuriya wadda take narkewa nan da nan. A raba abin da aka yi niyyar zubawa gida biyu ko uku gwargwadon girman shuka, domin abin da saiwa ba ta sha ba ruwa ne zai tafi da shi. Kashin kaji da ake sayowa buhu-buhu daga gonakin kaji shi ma yana gurɓata ruwa idan aka jibge shi a bakin rafi, don haka a tara shi a kan tudu, a rufe da leda, a bari ya ruɓe kafin a kai shi fangali.

Maganin feshi ya fi taki haɗari, kuma a nan ne nake ganin sakaci mafi tayar da hankali, wato mutum ya gama feshi ya gangara ƙorama ya wanke injinsa, alhali a ƙasa kaɗan mata suna wanke latas da alayyafon da za a kai kasuwar Mile 12. A ɗebo ruwa a bokiti, a haɗa magani a nesa da rafi. Idan an gama, a ɗauraye robar maganin sau uku, a juye ɗaurayar cikin injin, a fesa ta a gonar, sannan a huda robar don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki. A sayi maganin da ke ɗauke da lambar hukumar NAFDAC, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, kuma kada a yi feshi da iska ko dab da saukar ruwa.

A bakin rafin kansa a bar fili mai faɗin mita 5 zuwa 10 ba tare da huɗa ko taki ko feshi ba. Na san wannan yana da nauyi ga wanda ya karɓi hayar ɗan fili a Legas, inda kowane taku kuɗi ne, amma filin ba asara ba ne, domin ciyawar da ta fito a wurin ana iya yanka ta a sayar wa masu raguna, musamman gab da Babbar Sallah, kuma ana iya dasa ayaba a gefensa na sama.

Abu na ƙarshe, a haƙa rami mai zurfin kamar rabin mita a inda ruwan gonar yake fita, kafin ya kai ga wannan ciyawa, domin ya tsaya laka ta kwanta. Idan akwai yara a kusa a kewaye shi da ƙaya ko turaku. Bayan kowane babban ruwa a duba layukan, a toshe inda ya ɓalle tun yana ƙarami, a kwashe lakar da ta taru a ramin da shebur, a mayar da ita fangalin da ke can sama, inda ƙasa ta fi zaizayewa.