Darasi na 9: Kunun Gyaɗa da Jakar Cefane

A darussan baya kun koyi karanta lambobi da rubuta su har zuwa 200. Yau za mu sauko da su daga kan allo mu sa su aiki a madafi da kan ƙyalle. Kowace ta ajiye littafinta da fensir a kusa, domin duk adadin da aka ambata sai an rubuta shi.

Kunun gyaɗa

Ba wadda za a koya wa dama kunu a cikinku. Kun daɗe kuna yi, ido da hannu ne ma'auninku, kuma ana sha ana santi. Amma ranar da kika sa 'yarki ta dama, ko ranar suna da za a shayar da mutum 30, ko in kina so ki fara sayarwa a ƙofar gida da azumi, "ɗan kaɗan" da "daidai misali" ba za su fisshe ki ba. Awon da ke rubuce kuwa kowa zai iya binsa.

Ki nemi kwalba wadda aka rubuta 1 L a jikinta, wato lita ɗaya. Ta man Diamaor, man anguryar nan na Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ta isa in an wanke ta da sabulu. Sai ki zaɓi kofi wanda cikinsa 4 ke cika kwalbar. Ki ware shi, kada ki riƙa canzawa, yau wannan gobe wancan.

Na mutum 6: ɗanyar gyaɗa kofi 2, shinkafa kofi 1, ruwa lita 3, tsamiya kamar sili 4, sai sukari gwargwadon bakin gidanku. Ba sai kin sayi shinkafa mai tsada ba. Gutsattsarin ta Yagwa da Maga, wadda ake nomawa a gefen kogin Logon, ta wadatar, tunda niƙa ta za a yi.

Ki fara da tsince gyaɗar, kuma kada ki yi wa wannan gaggawa. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi fumfuna, ki zubar. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana tara wata guba mai lahanta hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. Yara ne suka fi shan kunun nan, saboda haka kada a ji ƙyashin zubar da 'yan ƙwayoyi.

Ki jiƙa gyaɗa daban, shinkafa daban, tsamiya daban a ɗan ruwan ɗumi. Idan gyaɗar ta jiƙu ki murje ɓawon, a markaɗa, ki dama da ruwa lita 2 da rabi, ki tace. Shinkafa ma a markaɗa ta, ki dama ƙullin da rabin litar da ta rage. Ki ɗora ruwan gyaɗar a wuta ki tsaya a kansa, don yana tashi ya zube cikin ƙiftawar ido. In ya tafasa sosai har ƙarnin gyaɗa ya fita, ki rage wuta, ki riƙa zuba ƙullin a hankali kina juyawa har ya yi kauri ya nuna. Sai kin sauke za ki tace ruwan tsamiya a ciki, sannan sukari. Mai zuba tsamiya tun tukunya tana kan wuta takan ga kununta ya tsinke. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, kunun safe ba ya kai yamma lafiya, ki dama iya wanda za a shanye.

Yanzu ki rubuta: in mutum 12 ne, komai ya ninka biyu. In 30 ne, sau 5 ke nan: gyaɗa kofi 10, shinkafa kofi 5, ruwa lita 15.

Tef ɗin awo

Kafin a taɓa almakashi, kowace ta ɗauki tef ta duba shi gaba da baya. Fuska biyu gare shi. A ɗaya lambobin ƙanana ne, sun matsu da juna, suna ƙarewa a 150. Wannan santimita ne. A ɗayar lambobin manya ne, da tazara a tsakaninsu, suna ƙarewa a 60. Wannan inci ne. Inci 1 daidai yake da santimita 2 da rabi da ɗan ɗoriya.

Mu nan muna zaune ne tsakanin awo biyu. Makarantun Kamaru da santimita da mita suke koyarwa, telan da ya yi koyo a Yola ko Kano kuwa da inci ya saba, atamfa kuma har yau da yadi ake sayar da ita. Turmi yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi. Falle ɗaya yadi 2 ne, kusan santimita 183. Idan aka ce ki yanka 90 kika bi fuskar inci, kin nemi kusan santimita 229, abin da ya fi fallen gaba ɗaya tsawo. Shi ya sa ba a rubuta lamba ita kaɗai. A rubuta "santimita 90", ko a taƙaice 90 cm, yadda za ku gani a jikin kaya.

Ku karanta wannan da ƙarfi, biyu-biyu:

"Sannu da aiki, Malam tela."

"Yawwa, sannu Hajiya. Me za a yi?"

"Ga awon da na rubuto. Tsawo 90, faɗi 40."

"Inci ko santimita?"

"Santimita, Malam. Ga shi nan a rubuce."

A wannan littafi duk awonmu da santimita ne.

Jakar cefane

Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta hana amfani da siririyar leda, ko da yake duk wanda ya bi ta kwalbatocin gari da damina ya san ba ta ƙare ba. Jakar ƙyalle tana ɗaukar albasa da tumatir da busasshen kifin Lagdo ba ta fashe a hanya ba, in ta yi dauɗa a wanke. Ɗinkinta duk miƙaƙƙe ne, babu lanƙwasa, shi ya sa muka fara da ita.

Kada ki sayi sabon yadi don koyo. Da yawanku kuna da atamfar 8 ga Maris, wato ta bikin Ranar Mata ta Duniya, ta shekarun baya a ƙasan akwati, an sa ta sau ɗaya ko biyu an ajiye. Ita ce daidai. In sabon ƙyalle ne na auduga, ki wanke ki goge tukuna, don yakan tsuke a wankin farko. Sauran kayan aiki: allura, zare mai ƙwari, almakashi, alli da tef.

Ki shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma, bayansa yana sama. Ki auna tsawo 90, faɗi 40, ki ja layi da alli. Ki sake aunawa kafin ki yanka. Sai ki fitar da hannaye 2, kowane tsawo 50, faɗi 8.

Ki ninka babban ƙyallen gida biyu, fuska tana kallon fuska, ya zama 45 da 40. Wurin ninkin shi ne gindin jaka, ba ya buƙatar ɗinki. A kowane gefe ki bar santimita 1 da rabi daga baki, ki ja layi, a kansa za ki bi.

Zaren kada ya wuce kamu biyu. Ki zura shi a allura, ki haɗa bakunan ki ƙulla, ya zama riɓi biyu mai tsawon kamu ɗaya. Masu koyo suna son dogon zare don kada su yi ta zurawa, sai ya harɗe su ɓata lokacin da suke gudun ɓatawa.

Ɗinkin shiga-da-fita, wanda kowa ya sani, ba zai riƙe nauyin cefane ba. Wanda za mu yi shi ne na komawa baya. Ki fito da allura a kan layi, ki koma baya rabin santimita ki soka, ki fito a gaba da inda zaren yake da rabin santimita, ki sake komawa ramin da ya gabata. Ta sama zai yi kama da na keke. Da farko zai karkace, wani taku ya fi wani tsawo. Ba komai, muddin yana kan layin alli kuma ba ki ja zaren har ƙyallen ya tattare ba. In kin kai ƙarshe ki maimaita taku uku a wuri ɗaya kafin ki yanke.

Saura kalmasar baki. Ki lanƙwasa santimita 1 zuwa bayan ƙyallen, ki sake lanƙwasa 3, ki danne da dutsen guga, ki ɗinke kewaye. Kowane hannu ki ninka shi biyu ta tsawo, ki buɗe, ki kawo gefunan su haɗu a tsakiya, ki sake ninkawa, ki bi shi da ɗinki. Wajen ɗora hannu, ki auna 10 daga kowane gefen jaka ki sa alama, ta gaba da ta baya. A nan ne jaka take fara mutuwa, don haka ki ɗinka murabba'i a gindin kowane hannu, ki gicciya layi biyu a cikinsa. Sai ki juya jakar.

Ki auna abin da kika samu. Faɗi ya kamata ya zama 37, domin 40 ne aka cire 3. Tsawo 41, domin 45 ne aka cire 4. In naki ya kauce da santimita ɗaya, jaka ce dai, za ta je kasuwa. Falle ɗaya yana ba da jaka 4 da hannayensu in an yanka da lissafi. Guntayen da suka rage a tara su, za mu yi abin sauke tukunya da su.

Aikin gida

Ki rubuta awon kunun mutum 18. Ki auna faɗin ƙofar ɗakinki da tsawonta, ki rubuta da santimita. Idan zare da allura sun ci sefa 300, kika sayar da jaka 4 a kan sefa 500 kowace, nawa ya rage a hannunki? Ranar darasi na 10 kowace ta zo da jakarta, ko an gama ko ba a gama ba, da guntayen ƙyallenta.