Yadda Za Ka Zaɓi Famfon Keke Na Tsaye Da Zai Daɗe Yana Aiki

Kafin ka tambayi kuɗin famfo a kasuwa, fara durƙusawa ka duba bawul ɗin kekenka. Sau da yawa famfon da aka jingine a bayan ƙofa ana cewa ya mutu, jikinsa lafiya lau yake. Kansa ne bai dace da bawul ba, ko kuma robar da ke cikin kan ta cinye. Famfon da ake magana a nan shi ne na tsaye, wanda ake take gindinsa da ƙafa a danna shi da hannu biyu, ba ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a jikin keke don ko-ta-kwana ba.

Bawul iri uku ne. Na farko shi ne Schrader, irin na mota da babur, mai kauri kamar milimita 8, da 'yar allura a tsakiya wadda sifirin ke riƙewa. Dole kan famfo ya kasance da ɗan tsinin da zai danna allurar, in ba haka ba za ka yi ta fama kafin iska ta wuce, geji kuma, wato agogon da ke nuna matsin iska, ba zai faɗa maka gaskiya ba. Na biyu Presta, siriri mai milimita 6, da ɗan noti a samansa. Shi ne a kan kekunan tsere da wasu kekunan gwanjo masu giya da ke shigowa daga Turai. Ana kwance notin, a ɗan taɓa shi da yatsa har ya yi "fis", sannan a ɗora famfo. Idan ba a taɓa shi ba yakan manne, ka yi ta dannawa geji na hawa, taya na kwance. Na uku Dunlop, wanda ke kan kekunan dako irin su Phoenix da Hero da tsohon Raleigh. A cikinsa akwai 'yar roba siririya da masu gyara ke kira tsutsa, wadda iska ke buɗewa ta shiga sannan ta rufe.

Ramin Presta na kan famfo yawanci yana kama Dunlop, amma kada ka ɗauki wannan a bakin mai shago, gwada. Idan kekunan gidanku iri-iri ne, nemi kai mai baki biyu, kowane bawul da raminsa. Akwai mai rami ɗaya da ake cewa yana daidaita kansa da kowane bawul. Yana da daɗin aiki yana sabo, sai dai kayan cikinsa sun fi yawa, abin da zai lalace ma ya fi yawa. Akwai kuma wanda ake murɗawa a kan bawul kamar noti. Wannan ba ya yoyo kuma ba ya fizgewa, amma yana da hali guda: idan cikin bawul ɗin Presta irin mai cirewa ne kuma bai ɗauru sosai ba, wurin kwance kan famfo sai ya biyo shi, iskar da ka sha wahalar bugawa ta fice gaba ɗaya. A ɗaure cikin bawul tukuna. Mai ɗan hannu da ake ɗagawa ya matse bawul ya fi sauri, kuma shi ya fi dacewa da yawancin mutane, muddin hannun na ƙarfe ne ko roba mai kauri.

Sai faɗin silinda, wato bututun da fistin, abin da ke tura iska, ke hawa da sauka a ciki. A nan ne aka fi yin kuskure, domin ido yana ganin ƙaton famfo ya ɗauka shi ne mai ƙarfi. Lissafin ba wuya. Ƙarfin da za ka danna da shi ya dogara ne da matsin iska da kuma faɗin fistin. A matsin psi 100, wato kusan bar 7 (psi da bar ma'aunan matsin iska ne), silinda mai faɗin milimita 30 tana neman nauyin kilo 50 a kan hannun famfo. Mai milimita 45 kuwa tana neman sama da kilo 110. Ke nan mutum mai kilo 65 ko ya rataya da jikinsa duka ba zai kai tayar tsere inda ake so da ƙaton famfo ba. A ɗaya ɓangaren, siririyar silinda iska kaɗan take turawa a kowane bugu, don haka cika faffaɗar tayar keken hawa tsauni da ita sai ka yi gumi. Mai keken tsere ya ɗauki siriri. Mai keken dako ko na tsauni ya ɗauki faffaɗa. Gidan da ke da duka biyun ya tsaya tsakiya, wajen milimita 32 zuwa 35.

Yawan iskar da taya ke ɗauka a rubuce yake a gefenta, da psi ko bar ko kPa. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, ko kPa 100. Tayar tsere mai faɗin milimita 25 zuwa 28 takan zauna tsakanin psi 70 da 100, ta keken dako wajen 40 zuwa 60, ta tsauni mai tiyub 25 zuwa 40. Kada a wuce lambar da ke jikin tayar, musamman idan keken zai yini a rana, tunda zafi na ƙara matsin. Ƙarancin iska ma illa ne. Idan taya mai taushi ta faɗa rami da lodi, rim yana danne tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kuma sai a ɗora laifin a kan ƙusa.

Saboda haka geji ba ado ba ne. Zaɓi wanda lambar da kake amfani da ita ta faɗo wajen tsakiyarsa. Gejin da ya kai psi 160 yana da kyau ga mai tsere, amma wanda ke neman 30 zai ga allura ta ɗan motsa ne kawai, ba ya iya bambance 28 da 33. Lambobin su zama manya yadda za ka karanta kana tsaye. Gejin da ke ƙasa ya fi tsira idan famfo ya faɗi, na sama ya fi sauƙin gani. Mai bawul ɗin Dunlop ya sani cewa geji zai nuna fiye da abin da ke cikin tayar, domin sai iska ta rinjayi tsutsa kafin ta wuce. A danna a hankali a karanta, a kuma haɗa da matsa tayar da babban yatsa.

Silinda ta zama ta ƙarfe ko alminiyam. Ta roba tana lanƙwasa, tana kuma bushewa ta tsage a zafi. Gindi ya zama mai faɗi, na ƙarfe in da hali. Tiyo ya kai mita ɗaya ko kusa, don kada ya riƙa jan bawul gefe, abin da ke yaga tiyub daga tushen bawul, inda faci ba ya kamawa.

Idan da hali ka je shago da kekenka, ko da wili ɗaya. Ja hannun famfo har sama ka girgiza shi. Sandar da ke kaɗawa da yawa za ta cinye robar fistin da wuri. Toshe bakin kan da babban yatsa ka danna. Ya kamata ya yi tauri nan take, in ya zarce ƙasa salin-alin to iska na zurarewa ta gefen fistin. Sannan ɗora shi a taya, ka buga har psi 40, ka saki hannu ka saurara. Ƙarar iska a wajen kai na nufin roba ba ta kama ba. Hannun famfo ya riƙa tasowa da kansa kuwa, bawul ɗin da ke gindi, mai hana iska komowa, shi ne ba ya rufewa. Wannan famfon a bar wa mai shi.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne ko yana kwancuwa. Murfin saman silinda da na bakin kai su kasance masu murɗawa ko masu sukurori, ba waɗanda aka manne da gam ba. Dalilin da ya sa tsoffin famfunan SKS na Jamus da Silca na Italiya ke shekaru suna aiki ke nan: robarsu da fatarsu da tiyonsu duk ana canzawa. Ko ba mai suna ba ne, famfon da ke buɗuwa ya fi mai sheƙi da aka rufe ruf. Ƙurar hunturu tana shiga silinda ta gauraya da maiko ta zama kamar yashi, don haka sau ɗaya ko biyu a shekara a zare fistin, a goge ciki da tsumma mai tsabta. Idan fistin ɗin na fata ne, a jiƙa shi da ɗan mai har ya yi laushi ya buɗe. Idan zoben roba ne, a shafa masa giris na silikon, domin baƙin mai da fetur suna kumbura wasu robobin. A ajiye shi a inuwa, a kuma rataye kan a maƙalinsa, kada ya kwanta a ƙasa yashi ya cika ramin.