Yadda ake zaɓen ɓangaren ɗaki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Tunda jiragen ruwan shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda a 2021, mutanenmu na Zariya masu ɗan hali sun fara haɗa Umara da yawon teku, kuma tambayar da ake ta yi wajen bukin, wato kama ɗaki, ita ce dama zan kama ko hagu? Ga yadda ake yi.

Da farko ka san wanne ne dama wanne ne hagu, don nan ake fara rikicewa. Ana lissafi ne kana fuskantar goshin jirgi. A shafin kamfani za ka ga hagu an rubuta port, dama kuma starboard, da dare hagu ke da jar fitila dama na da koriya. Kar ka dogara da lambar ɗaki wai mai mara tana wannan gefen, kowane kamfani da tsarinsa, buɗe zanen benayen jirgin ka gani da idonka.

Na biyu, ɗauko taswira a wayarka ka bi hanyar jirgin da yatsa tasha bayan tasha, ka ga ta ina ƙasa take. Idan tafiyar miƙaƙƙiya ce, ka hau a wani gari ka sauka a wani, to nan zaɓen yake da amfani sosai. A Nowe jirgin da ya tashi daga Bergen ya nufi Kirkenes can arewa, yawancin gaɓa tana hannun dama. Haka a hanyar Alaska, daga Bankuba ta Kanada zuwa Seward dama ce mai kallon ƙasa, in an juyo kudu kuma hagu. Daga Durban zuwa Mozambik ƙasa na hagu saboda gabashin Afirka ake bi ana hawa arewa. Amma in jirgin zai je ne ya dawo ta hanyar da ya bi, wallahi kar ka wahalar da kanka, abin da bai biyo ta tagarka a tafiya ba zai biyo a dawowa.

Na uku rana, kuma ni a ganina ta fi maganar gaɓa muhimmanci nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar Kano a Kwangila da safe ya san wanda ya zauna a dama shi rana za ta gasa, to haka abin yake a teku. Jirgi na tafiya arewa, gabas na damanka yamma na hagunka. Kenan daga Jidda zuwa Aƙaba ta Jodan ko Sharm el-Sheikh ta Masar, da suke arewa, mai ɗakin dama shi zai ga fitowar rana, ya idar da asuba ya zauna a baranda da shayinsa iska na kaɗawa tana fitowa jajir daga cikin ruwa, mai hagu kuma faɗuwarta zai samu, amma fa tun daga azahar take dukan gilashinsa, kuma zafin Bahar Maliya ba wasa ba ne, ƙarfen barandar ma ba ya taɓuwa sai la'asar sakaliya. In kai mai baccin rana ne ko da ƙananan yara za ka je, ɗauki gefen safiya. A ƙasashen sanyi lissafin juyawa yake, can ranar ake nema, shi ya sa masu tsallaka Atilantika daga Southampton zuwa New York suke son hagu, jirgin yamma ya nufa, rana kuma ta kudu take bi.

Kar kuma ka ɗauka kullum za ka rinƙa ganin duwatsu da garuruwa ta taga. Manyan jiragen nan da dare suke yawan tafiya, gari ya waye suna tasha, kuma nesa da gaɓa suke bi. Faɗin Bahar Maliya a wasu wurare ya haura kilomita 300, ruwa kawai za ka gani ko ta ina. Gefen da zai jingina da tasha shi ma ba a sanin sa tun daga gida, kyaftin da ma'aikatan tashar ke yankewa, yau tagarka ta kalli gari gobe ta kalli kwantena. A wuraren kallo na musamman irin Glacier Bay na Alaska kuwa juya jirgin ake a hankali kowa ya samu rabonsa. Ƙananan jiragen kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan ma ba ruwansu da wannan magana, gaɓa biyun duk kusa suke.

Na huɗu, a zanen benayen nan duba abin da ke gaban tagar. Akwai ɗakunan da kwale-kwalen ceto ke rataye a gabansu, ana rage masu kuɗi, ka biya kuɗin kallon teku ka ɓige da kallon ruwan lemon fenti. Duba sama da ƙasan ɗakin kuma, kar ya zama ƙarƙashin wurin wanka ko ɗakin kiɗa. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa, goshi da sama sun fi girgiza.

Sai wajen biya. Akwai farashi mai rahusa wanda kamfani ne zai zaɓar maka ɗaki daga baya, in ka ɗauki wannan duk lissafin da muka yi ya tashi a banza. Ce wa ejan ɗinka ya rubuta lambar ɗakin a takardar bukin kafin ka tura ko sisi. In kuma aljihun bai kai na baranda ba, kama ɗakin ciki marar taga, lokacin shiga tasha ko fita ka haye benen sama inda ake ganin ko'ina kyauta, sai dai ka fito da wuri don bakin ƙarfen cika yake yi da masu ɗaukar hoto.