Guzurin tafiya hutu: abin da zai shiga akwati da abin da zai jira sai ka isa

Tambaya ɗaya nake yi wa duk wani abinci kafin ya shiga akwatina: idan na sauka can, zan same shi a kanti mafi kusa da masauki? In amsar eh ce, a gida yake kwana. Shinkafa, taliya, sukari, gishiri, man girki, albasa, ƙwai, babu ƙasar da za ka je hutu ka rasa su. Yawancin jiragen da ke dogon zango kilo 23 suke ba kowane akwati, ka ga kilo biyar na shinkafa ya riga ya cinye maka fiye da kashi ɗaya cikin biyar. In kuma kaya suka zarce ƙima aka caje ka, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya cancanci ɗauka shi ne mara nauyi wanda rashinsa zai dagula maka rana. Ni nawa bai wuce haɗin kayan ƙamshin girki da na saba da shi ba, sai ganyen shayin da nake sha da safe. Waɗannan ba sa cika tafin hannu biyu, amma da su nake mayar da kaza da tumatirin kowace ƙasa abincin da yarana za su ci ba gardama. Mai jariri ya ɗauki madarar da jaririn ya saba da ita, wadda za ta kai shi har dawowa, don canza madara a tsakiyar tafiya na iya ɓata cikin yaro, kuma ko sunan kamfanin ɗaya ne, haɗin yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Haka mai ciwon suga, ko wanda jikinsa ba ya karɓar alkama ko gyaɗa: ya riƙe abincin kwana biyu ko uku, har ya gano kantin da ke da nasa.

Sai daren farko, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Jirgi ya sauka ƙarfe goma sha ɗaya, kafin a ɗauki kaya a kai masauki sha biyu ta gota, kantuna sun rufe, yara na kuka. Biskit, busassun 'ya'yan itace da aka sarrafa aka rufe a masana'anta, hatsin karin kumallo, da taliyar da ruwan zafi kawai take buƙata, sun isa su tsallakar da ku zuwa safiya.

Yadda ka ƙulle kayan ma yana da muhimmanci. Duk abin da zai yiwu, bar shi a ledarsa ta asali, a rufe, da rubutun kamfani a jiki. Wanda ka haɗa da hannunka kuwa, zuba shi a ƙaramar roba mai murfin murɗawa, ka rubuta abin da ke ciki da Turanci a takarda ka manna, sannan ka saka robar cikin leda biyu. Garin da ba shi da suna a farar leda shi ke sa jami'in kwastam ya zazzage akwati gaba ɗaya. Na kan tara duk kayan abinci a jaka guda a saman akwati, don in an ce buɗe, na miƙa jakar kawai, ba sai an tona tufafina ba. Zuma, jam, miya da duk abin da ake shafawa, a wurin bincike ruwa ake ɗaukarsu, dokar jakar hannu ta hau kansu, wadda a yawancin filayen jirgi ta hana kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100. Su tafi babban akwati. Madarar jariri da abincinsa ne ake ɗaga wa ƙafa idan jaririn yana tare da kai.

Inda ya fi kamata ka nutsu shi ne dokar ƙasar da za ka shiga, domin nan ake asarar kuɗi na gaske. Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi daga wajenta ya shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su ba, ko busasshe ne, ko dafaffe, ko na gwangwani. An keɓe madarar jarirai ta gari, abincin jarirai da na masu larura har kilo 2, muddin na kamfani ne a rufe, kuma ba ya buƙatar firji kafin a buɗe. Zuma ma kilo 2, kifi har kilo 20. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganye kuwa sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, in ban da ayaba, abarba, kwakwa, dabino da wani ɗan itace da ake kira duriyan. Dokokin suna canzawa: a watan Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da naman shanu, tumaki, awaki, alade da kayan madara ko daga Tarayyar Turai ne, saboda cutar baki da kofato da ta ɓulla a wasu ƙasashen nahiyar. Don haka duba shafin hukumar kwastam ta ƙasar a makon tafiyarka, kada ka dogara da abin da wani ya faɗa maka bara.

Ostareliya ba ta wasa ko kaɗan. A 2022 wani fasinja da ya taso daga tsibirin Bali na Indonesiya ya sauka a birnin Darwin da burodi mai nama da ƙwai na McDonald's a jakarsa bai bayyana ba, kare ya sansano, aka ci shi tarar dalar Ostareliya 2,664. A Amurka kuma, a 2018, an ci wata mata tarar dala 500 kan tuffa ɗaya da aka ba ta a cikin jirgi ta jefa a jaka. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ake barbaɗawa a kan burodi, 'ya'yan tsiron da ake samun opiyom daga gare shi, haramtattu ne, kuma ana ɗaukarsu a sahun kayan maye. Waɗannan dokoki ba mugunta ba ce, manomi da makiyayin ƙasar ake karewa, kuma ni ina ganin haƙƙinsu ne a kanmu mu baƙi. Idan takardar shiga ƙasa ta tambaya ko kana ɗauke da abinci, ka ce eh, ko da shayi ne kawai. Wanda ya bayyana, galibi iyakarta a karɓe kayan a jefar. Ɓoyewa ce ke jawo tara.

To, ka isa. Kafin ka fita sayayya, leƙa ɗakin girkin masaukin tukuna: akwai tukunya, wuƙa, firji mai faɗi? Sau da yawa za ka tarar da ragowar gishiri da mai da baƙin baya suka bari. Sannan ka san lokacin buɗe kantuna. A Jamus manyan kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai 'yan kaɗan a tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama. A Ingila da Wales manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su ranar Lahadi. Wanda zai sauka daren Asabar ya ƙara guzuri.

Kada ka tsaya a ƙaramin shagon da ke gefen wurin da masu yawon buɗe ido ke taruwa. Taka kaɗan zuwa unguwar da mutane ke zaune, can za ka ga Lidl, Aldi, Carrefour ko makamantansu, inda 'yan gari ke saye. Tafi da jakarka da kuma sulalla, don a ƙasashen Turai da yawa sai ka zura kwabo a keken sayayya zai saku, kuma leda ta kuɗi ce. A Italiya akwai safar hannu ta leda a gefen kayan lambu, ana so ka sa kafin ka taɓa, ka auna da kanka, ka danna lambar kayan a sikeli, ya fito maka da takardar da za ka manna. A Jamus kada ka jefar da robar ruwa: galibi santi 25 na yuro ka biya a kanta, na'urar da ke bakin kanti za ta mayar maka. Duba kwalbar da kyau kuma, domin ruwa mai gas ya yi yawa a can.

Rubutun jikin kaya shi ne abokinka. A Tarayyar Turai doka ta tilasta a fito da abubuwa 14 da ke tayar wa mutane larura, irin su gyaɗa, madara, ƙwai da alkama, da rubutu mai bambanci a jerin sinadaran. Mai kiyaye halal ya lura da jelatin, sinadarin da ake yi daga fata da ƙashin dabba, a alawa da yogot, da giya a wasu miya da kek. Kyamarar waya tana fassara rubutun nan take, amma sauke harshen ƙasar a wayar tun kana gida, don cikin wasu kantuna babu intanet. Abin da ka rasa a babban kanti, nemi shagunan baƙi 'yan Turkiyya, Indiya, Larabawa ko 'yan Afirka, waɗanda a manyan birane sukan taru kusa da babbar tashar jirgin ƙasa.

Sayayyar farko ta zama ƙarama, ta kwana biyu. Ɗauki burodi ɗaya, cuku kaɗan, 'ya'yan itacen da ke kakarsu, ku ɗanɗana, abin da ya karɓe ku a ƙaro. Kwana biyu kafin tashi a daina saye, a cinye na firji. Ranar tafiya kuma zazzage jakunkunan hannu, musamman na yara, ka fitar da duk wata tuffa ko guntun burodi mai nama, domin ƙasar da za ku bi ta ciki da wadda za ku sauka kowacce tana da nata kwastam.