Yadda za ka nemo wa tarantularka namiji ba tare da ka haɗa ta da bare ba

Masu kiwon wannan ƙaton gizo-gizo a Kano 'yan tsiraru ne, shi ya sa da an ce ga namiji ya samu sai mutum ya yi wuf ya tura kuɗi. Dakata tukuna.

Fara tabbatar da jinsin macen da ke hannunka, domin sunan da mai sayarwa ya manna a jikin roba ba aya ba ce. Tawa na saye ta da sunan Brachypelma smithi, mai jan gwiwa 'yar ƙasar Meziko. Ashe tun 2017 masana suka nuna cewa yawancin waɗanda masu kiwo ke kira smithi, hamorii ne. Smithi ta ainihi daga jihar Guerrero take, hamorii kuwa daga Colima, Jalisco da Michoacán, amma a ido kamar an tsaga kara. Na sa aka sako mini namiji a mota tun daga Legas, sai da ya iso Sabon Gari na gano shi smithi ne na gaske, tawa kuma hamorii. Na ƙi haɗa su, haka ya tsufa ya mutu a gwauro. Ni a wurina ruwa-biyu haramun ne a wannan kiwo, domin 'ya'yan za su shiga hannun mutane da sunan ƙarya.

Saboda haka idan macen da ke hannunka ta yi saɓa kada ka yar da fatar. Jiƙa fatar da ruwa mai ɗan sabulu, ka buɗe wajen cikin a hankali, ka ɗauki hoton jakar da take adana maniyyi, ka nuna wa waɗanda suka daɗe a harkar. Siffar jakar ta fi launin ƙafa faɗin gaskiya. Sannan ka duba sunan a World Spider Catalog, kundin sunayen gizo-gizo na duniya da ke intanet, kyauta ne.

Wajen cigiya kuma ka ambaci tsohon suna da sabo. Wanda ake kira Brachypelma albopilosum yanzu Tliltocatl albopilosus ne, Avicularia versicolor ya koma Caribena, amma masu sayarwa da yawa suna nan kan na da.

In an samu namijin, tambayi ranar da ya yi saɓarsa ta ƙarshe, domin daga ita kwanansa ƙirgagge ne, galibi watanni zuwa shekara da ɗoriya. A turo hoton gajerun hannuwansa na gaba: na balagagge sun kumbura kamar hannun ɗan dambe, wasu jinsunan har da ƙugiya a ƙafafun gaba. Aro ya fi saye sauƙi, a raba 'ya'yan gida biyu da mai shi. Kada a ɗoro shi a mota a zafin Afrilu.

Sauran mai sauƙi ne. Ƙosar da macen da gyare, jira namijin ya yi saƙar da yake ɗaukar maniyyinsa a kai, ka sa shi a wurinta da dare kana riƙe da dogon tsinke, yana gamawa ka fitar da shi kafin ta cinye shi. In ta yi saɓa kafin ta yi ƙwai, barbarar ta tashi a banza, sai a sake.