Masu ƙera mota da injin moto 2T, ga kurakuran da suka ishe ni

Samarin Damagaram sun shiga yayin ƙera mota. A samo bututun ƙarfe, a kai wa mai walda, a ciro injin tsohuwar moto Jincheng AX100 ko Yamaha DT 125 a ɗora, wato injin 2T, mai ƙona man shafa inji tare da fetur. Himmar tana burge ni. Amma duk wadda aka turo mini garaji ciwonta ɗaya da ta jiya, har bakina ya gaji.

Babban laifin shi ne rufe inji. Irin wannan injin ba shi da radiyeta. Fuka-fukan nan da ke jikin silinda iska suke jira ta buge su. A kan moto iskar kyauta take zuwa. Kai kuwa ka cusa shi bayan kujera, ka kewaye shi da kwano don motarka ta yi kama da Hilux, sannan ka fito da ita a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Me kake jira? Fistan zai kumbura ya liƙe. Motar Trabant ta tsohuwar Jamus ta Gabas ma injin 2T gare ta, cc 594, amma fanka aka sa mata tana hura shi. Ni fankar radiyetar mota nake ɗaurawa da batir nata dabam, in lanƙwasa kwano ya kai iskar kan silinda, musamman gefen salansa inda wutar take.

Na biyu shi ne man shafa inji, kuma nan ne raina ke ɓaci. Injin 2T ba shi da tafkin mai a ƙasa. Man da ke shiga tare da fetur, ko famfo ya tura shi ko a haɗa shi a tanki, shi kaɗai ke shafa fistan. Ɗan yayana ya roƙi wani inji da nake ji da shi, na ba shi. Ya cire famfon mai, wai zai riƙa haɗawa a tanki. A hanyar Mirriya fetur ya yi ƙasa, ya sayi kwalba biyu wajen ƴan ruwa-ruwa ya juye, babu ɗigon mai. Da ya samu gangare sai ya saki totur ya bar ta cikin giya. Inji na gudu, maƙogwaron karbireta a rufe, ba abin da ke shiga. Amalanke ta dawo da su. Da na buɗe, cikin silinda duk zane-zane, ringi ya narke jikin fistan, sai daga Kano aka samo mini wani. Na ce masa, “Ɗana, ko jaki ana ba shi ruwa.”

Don wannan matsala ce tsofaffin motocin 2T irin su Saab suke da na'urar da ke sakin inji a gangare. Motarka ba ta da ita, to taka kuloci, ka riƙa ɗan taɓa totur. Awona mililita 30 na man 2T a kowace lita, da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Wasu na cewa 20 ta isa. Ba a zafinmu ba, ba da wannan nauyi ba. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, kada in gan shi.

Injin da ƙarfinsa bai wuce na doki goma ba, in ka ɗora masa mutum huɗu a yashin unguwanninmu, kuloci ne zai ƙone. Ƙara girman faifan sarƙa na baya, ka haƙura da gudu.

Kada ka yanke kumburin salansa don ta shiga wuri, ƙarfin yana can. Matatar iska a wanke ta akai-akai lokacin hunturu, ƙura niƙa take. Tanki ya zauna sama da karbireta, nesa da salansa. Buji in ya yi fari fat, tsaya, inji na cin wuta.

Giyar baya kuma babu ita a akwatin moto. A tsohuwar ƙaramar motar Jamus mai injin 2T, Messerschmitt KR200, in za a ja da baya kashe inji ake yi a tada shi yana juyawa ta baya. Kai dai ka yi motar marar nauyi yadda mutum biyu za su iya tura ta, kuma birki ya kama ƙafa huɗu kafin ka sayi fenti.