Iyali da Takardun Zama a Birtaniya: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Tambayar da ta fi yawa a bakin ma'auratanmu da suka sauka Birtaniya ita ce ta haihuwa: "In maiɗakina ta haihu a nan, yaron ya zama ɗan ƙasa ke nan?" A'a. Labarin Amurka da Kanada ne mutane ke ji su ɗauka ko'ina haka ne. Birtaniya ta bar wannan tsari tun ranar 1 ga Janairun 1983. Jariri ba ya zama ɗan Birtaniya da haihuwa sai in uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, ko yana da izinin zama na dindindin a ranar da aka haife shi. In ku biyun da bizar karatu ko ta aiki kuke zaune, ɗanku baƙo ne kamar ku.

Sai dai akwai ƙofofi a gabansa. In ɗaya daga cikinku ya samu izinin dindindin kafin yaron ya kai shekara 18, kuna da ikon yi masa rajistar zama ɗan ƙasa. Wanda aka haifa a nan ya yi shekara 7 a jere bai koma wata ƙasa da zama ba, ana iya nema masa izinin dindindin. In kuwa ya cika shekara 10 a nan, ba tare da ya wuce kwana 90 a waje cikin kowace shekara ba, yana da hakkin rajista ko yaya takardun iyayensa suke. Ku riƙe wannan kwana 90 ɗin da kyau, don mu mutane ne masu son tura yaro gida ya yi wata huɗu ko biyar wajen kaka, ya koyi Hausa da karatun allo. Niyyar mai kyau ce, amma a lissafa kwanakin kafin a sayi tikiti.

Bayan an yi suna, aiki uku na jiranku. A Ingila da Wales ana yin rajistar haihuwa cikin kwana 42, a Sikotilan kuma kwana 21. Ranar da ka je ofishin rajista, tafi da fasfo ɗinka da na matarka, ka duba harafi bayan harafi kafin ka sa hannu. In fasfonka ya ce Mohammed, kada takardar yaro ta ce Muhammadu a wurin sunan uba. Mu a wajenmu suna ɗaya ne, jami'in da ke duba takarda kuwa mutum biyu yake gani. Daga nan sai fasfon Najeriya ta ofishin jakadancinmu da ke Landan, domin ɗan da ɗan Najeriya ya haifa a waje ɗan Najeriya ne bisa kundin tsarin mulkin 1999. Na uku, a nema wa jaririn tasa bizar. Yana da wata uku na magani kyauta a asibitocin gwamnati, wato na NHS, albarkacin kuɗin lafiyar da kuka biya lokacin neman biza, bayan haka ana iya cajin ku. Kuma in kuka kai shi gida a nuna wa dangi ba shi da biza, ba zai dawo ba sai an nema masa daga can.

Tushen yawancin matsalolinmu shi ne yadda muke ƙirga iyali ya sha bamban da yadda doka ke ƙirgawa. A gida, iyali ya haɗa da Hajiya, da ƙanen maigida, da ɗan yayarka da ke hannunka tun yaye. A wurin Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, iyalin da ke bin mutum a kan bizarsa mace ɗaya ce ko miji ɗaya, da 'ya'yansu da ba su kai shekara 18 ba. Shi ke nan.

Mai mata biyu ya tsaya ya yi nazari tun kafin a cike fom. Auren da aka ɗaura a Kano ko Katsina bisa shari'a, Birtaniya na ɗaukarsa a matsayin aure, amma dokar shige da fice ta 1988 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta ba su yarda a shigo da mace ta biyu a matsayin mata ba muddin ta farko ta riga ta shigo kuma auren na nan. 'Ya'yan wadda aka bari a gida ma akwai ƙura. Ƙa'ida ita ce yaro ya biyo iyayensa biyu, sai fa in uban ya tabbatar shi kaɗai ke ɗauke da ragamar yaron, ko akwai wani dalili mai ƙarfi ƙwarai. Wasu kan ce a rubuta sunan uwargida a matsayin mahaifiyar 'ya'yan amarya, ko a saka ɗan riƙo cikin 'ya'yan ciki. Don Allah kada ku yi. In aka gano ƙarya a takardu, ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, kuma ƙaryar tana nan a ajiye har ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa. Abin da ya fi damuna ma shi ne yaron, wanda zai tashi da sunan wata uwa a takardunsa, ba a tambaye shi ba. Hanyar ɗaukar ɗa a hukumance ma ta ƙuntata, don tun 2021 Birtaniya ta sa takunkumi a kan ɗauko 'ya'ya daga Najeriya.

Wanda zai zo da matarsa ya tanadi takardar shaidar aure daga hukuma, in da Hausa ko Larabci aka rubuta a haɗa da fassarar Turanci mai ɗauke da sa hannun mai fassarar. Dole kuma kowannensu ya kai shekara 18. Wanda kuwa zai yi aure a nan, ya sani cewa ɗaurin aure a masallaci kaɗai ba lallai ya zama aure a idon dokar Ingila ba. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ɗaurin auren da bai bi ƙa'idojin rajista ba, ba aure ba ne a doka. Mace ce ke kwana a ciki in an rabu ko mijin ya rasu. A ɗaura a masallaci, sannan a je ofishin rajista, ko a tambayi limamin ko masallacinsa na da rajistar ɗaura aure.

Su wa ma ke da damar kawo iyali yanzu? Abin ya canja sosai, kuma da yawa suna aiki da labarin waɗanda suka zo a 2022. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da iyali, sai mai digiri na bincike kamar na uku, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. Daga 11 ga Maris na 2024 sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ba sa kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Wanda ya riga ya samu izinin dindindin ko ya zama ɗan ƙasa, in zai ɗauko mata daga gida, sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, alhali kafin Afrilun 2024 fam 18,600 ne.

Ga kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya lokacin neman biza: fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro ko ɗalibi. Magidanci da mata da yara biyu a kan bizar aiki ta shekara uku, fam 10,866 ke nan, ban da kuɗin bizar kanta. Masu bizar aikin lafiya da iyalansu ne aka ɗauke wa. Duk da wannan, yawancin bizoji na ɗauke da sharaɗin hana karɓar tallafin gwamnati, wato kuɗin tallafin yara, na haya, da na marasa aiki. Bayan haihuwa za ku iya cin karo da fom ɗin neman tallafin yara cikin takardun da ake ba mai jego. In dukkanku da irin wannan biza kuke, ku ajiye shi gefe. Makarantar gwamnati da ganin likita ba sa cikin abin da aka hana.

Maganar Hajiya kuma, wadda kowa ke so ta zo ta kula da mai jego. Bizar ziyara ce hanyarta, wata shida ne iyaka a kowane zuwa, ko da bizar ta shekara biyar ko goma ce. Taimaka wa 'ya na ɗan lokaci ba laifi ba ne, amma in jami'i ya fahimci an kawo ta ne ta zama mai raino ku kuna fita aiki, ko tana ta zuwa a kai a kai har zamanta a nan ya fi na gida, zai iya hana ta. Ku saya mata inshorar lafiya kafin ta taso. A Ingila ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin asibiti, kuma bashin NHS da ya kai fam 500 na iya hana ta biza a gaba. Kawo tsoho ya zauna dindindin kuwa na cikin hanyoyi mafi wuya, don sai an nuna ba ya iya kula da kansa, kuma ba a iya sama masa kulawar a ƙasarsa ko da ana aika kuɗi.

Yanzu ga abin da nake so kowace mace da ta biyo miji ta ji. 'Yar'uwa, bizarki taki ce, ko da ta rataya a kan ta maigida. An daina amfani da katin zama tun ƙarshen 2024, izinin kowa yanzu a intanet yake, kuma kowane mutum, har jariri, da nasa asusun. Ki san imel da lambar wayar da aka buɗe naki da su, ki iya shiga da kanki, ki san ranar da zai ƙare, ki san inda fasfonki da na yara suke. Wannan bai taɓa biyayyar aure ba. Maigida na iya kwanciya asibiti, ko ya tafi gida ta'aziyya a daidai lokacin da makaranta ko mai gidan haya ke neman shaida. In kuma, Allah ya kiyaye, zaman ya koma duka da barazanar "zan sa a mayar da ke gida", ki sani miji ba shi da ikon korar kowa daga ƙasar. Tun 2024 matar mai bizar aiki ko karatu da ake cutarwa na iya neman izinin wata uku na kanta, tare da damar samun tallafi, ta samu inda za ta fake ta nemi shawara. Matar ɗan ƙasa ko mai izinin dindindin kuwa tana iya neman izinin dindindin kai tsaye.

Maigida, kai kuma ka sani gidan gaba ɗaya a kan bizarka yake tsaye. In ka rasa aiki, ko aka ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyinka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani ko ku tattara. Kada a bar ranar ƙarewar biza ta wuce ko da kwana ɗaya: in ka shigar da neman sabuntawa kafin ranar, izininka na ci gaba har a yanke hukunci, amma kada ka yi tafiya gida a tsakani, don za a ɗauka ka janye. Yaron da ya cika 18 a nan yana ci gaba da bin ku in bai yi aure ba kuma bai ware da zaman kansa ba. Wanda aka bari a gida har ya cika 18 kuwa, ƙofar ta rufe masa.

Izinin dindindin ga mai bizar aiki shekara biyar ne bisa tsarin da aka daɗe a kai, da sharaɗin kada a wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12, a nuna iya Turanci, a kuma ci jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya mai tambaya 24, wadda sai an samu 18. Mata ma sai sun yi, don haka a bar uwargida ta shiga ajin Turanci tun yanzu. Shekarun karatu ba sa shiga lissafin biyar ɗin. A 2025 gwamnati ta bayyana aniyarta ta mayar da wa'adin shekara 10 ga mafi yawan mutane, saboda haka a duba shafin gov.uk kafin a gina lissafi a kai. Bayan wata 12 da samun dindindin ake neman zama ɗan ƙasa. Ɗan Najeriya na haihuwa ba ya rasa fasfonsa na gida don ya karɓi na Birtaniya, amma 'yan'uwanmu na Kamaru su yi hattara, dokarsu ba ta yarda da ƙasa biyu ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa a zaurukan WhatsApp, masu sayar da takardar ɗaukar aiki da masu "na san wani a ciki". A Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba shi da rajista. Kafin ka ba kowa kuɗi ko fasfo, nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa, ka duba a shafin IAA, hukumar da ke yi wa masu ba da shawarar shige da fice rajista, wadda a da ake kira OISC, ko na SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, in lauya ne. Ka karɓi rasit, ka karanta duk abin da aka cike da sunanka kafin a tura, ka kuma ajiye kwafinsa a wayarka da ta matarka.